Ƙwan Durgu da Tawadar Allo

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda yake sanya rai a cikin abin da ba shi da ƙofa ba shi da taga, sannan ya sanar da mai rauni yadda zai fasa ya fito. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ina so in rubuta abin da ya faru a gidana na unguwar Chagoua a wata bazara da ba ta yi nisa ba, a kan wasu ƙwai bakwai. Na san abu ne ƙarami a idon mai karatu. A idon mai ɗakina kuwa bai kasance ƙarami ba, kuma shekarun zama tare sun koya mini cewa abin da ya yi mata nauyi ba ya zama mara nauyi a gare ni.

Ranar da aka kawo mini ita, muna unguwar Gardolé a lokacin, tsofaffi ba su daina kiran garin nan da tsohon sunansa na Forlami ba. A cikin kayanta akwai wani kwando da aka ɗaure bakinsa da tsumma, a cikinsa sagarar kaza durgu, wato irin kajin nan masu gajerun ƙafafu. Danginta Fulani ne da suka daɗe da zama cikin Hausawa har harshen ya zama nasu. Kakarta ce ta taso da kazar farko daga yamma, a ayarin masu niyyar Hajji a ƙasa, tafiyar kuwa ta tsaya musu a bakin kogin Shari. Tun daga nan ya zama al'adar gidansu, kowace uwa tana ba 'yarta sagara ɗaya daga wannan iri ranar da za ta tare. Ba sa sayar da macen, ba sa kuma ba da ita ga wadda ba 'ya ba. Zakaru dai ana yankawa, na kuwa ci rabona a cikinsu.

Kaji ne masu natsuwa. Ba sa haura katanga, ba sa nisa da gida, suna tafe suna rangaji kamar tsofaffin da suka ɗauko ruwa. Idan ina zaune a ƙarƙashin ligdabe, rumfar da nake karantar da 'yan kasuwa fiƙihu bayan hantsi, sai su ratsa tsakaninmu ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun taka littafin kowa ba. 'Ya'yanmu mata biyu kowacce ta tafi da tata. Babbar tana zaune a bene a Kano, inda babu ƙasar da kaza za ta tona, ta ƙaramar kuwa muzuru ya gama da zuriyarta. Saboda haka irin ya rage a gida ɗaya tak a duniya, gidana.

A ƙarshen sanyin shekarar da nake magana a kai, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Hajiya, haka nake kiran mai ɗakina, har sai da aka riƙe ta a asibiti. Tana can ciwon kaji ya shigo unguwa. Sai ka ga kaza ta tsaya tana gyangyaɗi da rana tsaka, fikafikai a sake, kafin gobe wuyanta ya murɗe. Kullum na dawo daga dubiya sai in haƙa rami a bayan gida. Zakaran ya tafi, manyan suka bi shi, matasan suka bi su. Wadda ta daɗe ita ce wata wake-wake da Hajiya ta fi so, ta ci gaba da yin ƙwai kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Na riƙa kwashewa ina jerawa a ƙwaryar dusa, tsinin yana kallon ƙasa, ina ajiyewa a gindin duwane, babbar randar ruwanmu, inda ƙasa take da sanyi. Haka na ga Hajiya tana yi shekara da shekaru, ban taɓa tambayar dalili ba. Ana gobe za a sallamo ta, wake-waken ma ta kwanta.

Ban faɗa mata a asibiti ba. Da muka shigo gida ta tsaya a tsakar gida tana sauraro, shirun ya gaya mata kafin in buɗe baki. Ta dubi akurki, ta yi istirja'i a hankali, ta shiga ɗaki ta kwanta ta fuskanci bango. Likita ya ja mini kunne cewa lallai ta riƙa takawa kowace rana, in ba haka ba ƙafafun za su riƙe, a shekarunta kuwa abin da ya riƙe da wuya ya saku. Na faɗa mata. Ta ce ta ji. Ba ta tashi ba sai don alwala, salla ma a zaune take yi.

Washegari na ɗauko ƙwaryar na ajiye a gefen tabarmarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu ta shafa ɗaya.

"Na wake-wake ne," in ji ta.

"Nata ne. Bakwai."

"Ka wanke su?"

"Ban wanke ba. Ban taɓa ganin kin wanke ba."

"To ka kyauta." Ta janye hannunta. "Sai dai wa zai kwanta a kansu, Malam? Kai?"

Na ce da jikina zai yi, da na gwada, domin zama wuri ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurina. Bakinta ya motsa kaɗan, karo na farko tun dawowarta. Ta ce a wannan zafin ƙwai ba ya jira, in an ƙara 'yan kwanaki sai dai a zubar. Ta ce mutum ɗaya ta sani da ba ta rabuwa da kaza mai kwanci, ita ce Hajje.

"Amma kada ka ce ni na aike ka. Babarbariya ce. Sai ta shekara tana yi mini gori."

Hajje aminiyarta ce tun zamanmu na Gardolé, tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, gidanta lungu biyu daga namu. Ta girmi Hajiya da 'yan shekaru. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasan da kowa ya sani, su biyun nan kuwa sun riƙe shi kamar farilla. Ban taɓa jin ɗaya ta yabi ɗaya a gabanta ba, ban kuma taɓa jin ɗaya ta bari an taɓa ɗaya a bayanta ba. Kajinta sun tsira domin tun da ta ji labarin ciwon ta kulle su, ta riƙa jiƙa musu ɓawon maɗaci a ruwan sha. Ita ta ce maɗacin ne. Allah shi ne mafi sani.

Na yi sallama a ƙofarta, ta fito da carbi a hannu.

"Faki da kansa? Lafiya? Ko Bafulatanar ce ta kore ka?"

Faki shi ne malam a Larabcin garin nan, da shi take kirana. Na gaya mata abin da ke tafe da ni, na roƙi aron kazarta mai kwanci.

"Kazata ba za ta shiga gidan da mutuwa ta share ba," in ji ta. "Kuma ko na ba ka, ba za ta zauna ba. Mai kwanci gurbinta ta sani, ba ƙwai ba. Ka kai ta aljanna ma sai ta dawo nan. Kawo ƙwan. Akwai wata baƙa da ta kwanta shekaranjiya, in kwashe nata in zuba naku. Amma ka san ƙa'ida. Mai kaza tana da ɗan tsako ɗaya, kuma ita take zaɓa."

Na san ƙa'idar, sai dai zuciyata ba ta natsu da ita ba. Na bayyana mata cewa idan aka sanya ɗan tsakon da ba a ƙyanƙyashe ba ya zama ladan aiki, an ƙulla ciniki a kan abin da ba a san samuwarsa ba, malamanmu kuwa ba su yarda da irin wannan ba. Mafita ita ce ta yi mana alheri ba da sharaɗi ba, mu kuma idan Allah ya kawo, mu yi mata kyauta ba da tilas ba.

Ta saurare ni har na gama, tana jan carbinta.

"Faki, ka sa masa sunan da ka ga dama. Ɗan tsakona dai ɗan tsakona ne."

Na ce na karɓa a matsayin alheri. Ta ce ta bayar a matsayin ƙa'ida. Muka rabu kowa ya gamsu.

Har na juya ta kira ni. Ta ce sauran kajinta ba su da kunya, idan baƙar ta tashi shan ruwa sai su haye gurbin su yi nasu ƙwan a ciki. Dole a yi wa namu alama, domin kullum ta tsame waɗanda ba su da ita.

"Kai da alƙalami ba ya barin hannunka, ai wannan ba sai an koya maka ba."

Da na koma gida na zauna a gaban kurtun tawadata ina tunani. Tawadar nan da ita nake rubuta ayoyi, ban ga dacewar in tsoma alƙalami a cikinta in shafa wa abin da zai kwana a ƙarƙashin kaza ba. Saboda haka na samo wani kurtu, na daka gawayi, na jiƙa ƙaro, na haɗa sabuwa, irin wadda nake haɗa wa allo tun ina yaro. Na fiƙe sabon alƙalami. Harafi ma ban rubuta ba, domin haruffa suna da alfarma. Ɗigo uku na yi wa kowane ƙwai, baƙi wuluk, suka bushe suna sheƙi. Na ji daɗin aikina. Gab da magariba na rufe ƙwaryar da gefen rigata na ratsa lungu da ita, ina tafe kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika da mai.

Gurbin wata tsohuwar randa ce da ta rabe biyu, an kwantar da rabin a inuwar bayan ɗaki, an zuba yashi da toka, an shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwarƙwata. Baƙar kazar ta kumbura ta yi gurnani, Hajje ta zura hannu ƙarƙashinta ba tare da ta kula da saran ba, ta fito da nata, ta tura namu ɗaya bayan ɗaya tana bisimilla. Kazar ta ɗan ɗaga, ta leƙa ƙasanta, ta sa baki ta jawo na gefe, ta girgiza jiki ta zauna. Na tsaya ina kallon wannan halitta da ta karɓi 'ya'yan wata ba ta tambayi asalinsu ba, na tuna abin da muke karantarwa a babin riƙon maraya.

Zafin shekarar ya kai inda mutum ba ya iya taka ƙasa ba takalmi. A irin wannan lokaci ƙwai yakan bushe a cikin ɓawonsa, ɗan tsako ya manne ya kasa juyawa. Saboda haka kullum rana ta take, idan kazar ta sauka, Hajje takan tsoma hannu a ruwa ta yayyafa wa yashin, ta ɗan yarfa wa ƙwan. Ni kuma bayan la'asar nakan je ƙofarta in tambayi labari, kamar mai zuwa dubiya, in dawo in ba Hajiya. Takan saurara fuskarta a bango, kamar abin bai dame ta ba, sai in na yi shiru ta ce:

"Tana sauka ta ci?"

"Tana sauka."

"Tana daɗewa a ƙasa?"

"Hajje ta ce ba ta daɗewa."

"Hajje ta ce. Kai ba ka gani ba ke nan."

An haura mako ɗaya da rabi ana haka. Wata rana da hantsi, masu karatu ba su daɗe da tashi ba, sai ga Hajje ta faɗo gidan ko mayafinta ba ta daidaita ba. Ta wuce ni ta tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya, amma da ni take magana.

"Faki, rubutun sha ka ba kazata?"

Na ce ban fahimta ba.

"Cikinta ya yi baƙi fiye da bayanta, ƙwai kuwa fari fat. Babu ɗigo ko ɗaya. Kwanaki ina ganin alamar tana dusashewa, na ce idona ne, ka san idon ya tafi. Da na daina gani sai na ji tsoron tsamewa, na bar su. Yau ta sauka na duba, gurbi ya cika har yana zuba. Ban san naku ba, ban san nawa ba."

A take na gane abin da ya faru. Tawadar allo an yi ta ne domin ta wanku. Kyawunta ke nan, ɗalibi ya haddace, ya kai allonsa ruwa, ya dawo da shi fari a rubuta masa gaba. Shekara sittin ina yabon tawadar da ba ta gardama da ruwa, hannuna kuwa ya haɗa abin da ya saba. Yayyafin Hajje da gumin kaza suka yi mata abin da aka halicce ta dominsa. Akwai wata tawadar, ta takarda, wadda ake dafawa da bagaruwa da ƙarfe, ita ba ta fita. Tana nan a ɗakina, ita ce na ƙi taɓawa.

Hajiya ta tashi zaune. Ta tambayi ƙwai nawa ne a gurbin, Hajje ta ce sun ninka namu har da ɗoriya. Hajiya ta ce kaza ɗaya ba ta rufe wannan adadi. Tana juya su, na tsakiya ya fito gefe, na gefe ya koma tsakiya, kowanne sai ya samu rabonsa na zama a waje, a ƙarshe a rasa duka. Dole a rage yau.

"Ku kawo mini su nan in duba."

"A kawo miki?" in ji Hajje. "Ƙwan da ya fara jini a ratso rana da shi lungu biyu ana girgizawa? Ashe ciwon har kanki ya taɓa. In kina son ƙwanki ki taso. Ni dama na san Fillo, in babu saniya a gaba ba ya tafiya."

"Wa ya sani ma ko kin cinye rabi."

"Zo ki ƙirga."

Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon ƙafafun Hajiya da suka rame, na riga na faɗi duk abin da na sani a kwanakin baya bai yi amfani ba. Can ta ce:

"Malam, miƙo mini mayafina. Da sandarka."

Tafiyar da nake yi kafin in gama tasbihin bayan salla, ranar sai da muka huta sau da dama. Sanda a hannunta na dama, hannunta na hagu a damtsena. Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa riƙe ni a kan hanya ba. Mazan da ke zaune wurin mai shayi suka sunkuyar da kai, kowa ya samu abin dubawa a kofinsa, Allah ya saka musu da alheri. Wani mai klando, wato ɗan acaɓa, ya kashe babur ɗinsa ya jira muka wuce. Hajje tana gaba tana waiwaye.

"A haka kakanninki suka ce za su Makka? Shi ya sa suka tsaya a nan."

"Sun tsaya ne da suka ga Barebari ba su da mai koya musu tsafta," in ji Hajiya, tana haki.

Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin da ke jikin gurbin, aka turo ƙofa. Ƙofar ta kwano ce, tana da wata 'yar huda da ƙusa ta bari, rana ta shigo ta nan kamar zare. Hajje ta ɗaga kazar ta kifa mata kwando, ni kuma na riƙa miƙo ƙwan ɗaya ɗaya a tafin hannu biyu. Hajiya takan fara jujjuya shi a hannu idonta a rufe. Na wake-wake gajere ne, in ji ta, kansa da gindinsa sun kusa zama ɗaya, ɓawonsa yana da ɗan kaushi kamar bangon da ba a shafe ba. Sannan ta dunƙule hannu a kansa ta kai shi bakin hudar. Ta kira ni in gani. Wanda aka yi jiya haske yake ratsa shi, ja-ja, babu komai. Namu kuwa ya yi duhu, jijiyoyi sun bazu a cikinsa kamar saiwar ciyawa, a tsakiya wani abu baƙi yana motsi a hankali. Na karanta bayanin matakan halitta a littattafai, na kuma karantar da shi. Ranar na gan shi a tafin hannun matata, na yi tasbihi.

Ta ware shida. Ta sake bin sauran, ba ta samu na bakwai ba. Ta ɗago ta dubi Hajje.

"To, na ci," in ji Hajje. "Ranar da alamar ta fara gudu ne. Da albasa na soya shi. In gaya miki gaskiya bai fi na kajina daɗi ba."

"Allah ya isa tsakanina da cikinki."

"Amin. Shida ma in Allah ya raya ai sun ishe ki."

Na koma gida da sauri na ɗauko tawadar takarda. A hanya na sake duba mas'alar, na ga tsantsenin da na yi a farko ya wuce wurinsa. Alfarma ta abin da aka rubuta ce. Abin da ke cikin kurtu ruwan bagaruwa ne, bai zama komai ba tukuna. Na zuba kaɗan a murfi, na yi wa kowane ƙwai ɗigonsa uku, Hajiya tana riƙe da shi tana hura masa iska. Aka mayar da su, aka saki kazar, ta hau tana mita.

Daga ranar Hajiya ta ce ba za ta sake barin amanarta a hannun mai cin ƙwai ba. Kullum da hantsi sai ta ɗauki sandata ta tafi. Kwanakin farko ina raka ta, daga baya ta ce in zauna in yi karatuna, mutane za su fara magana. Takan wuni can, su yi ta faɗa a kan yawan ruwan da za a yayyafa, ta dawo da la'asar tana ba ni labarin laifuffukan Hajje tana cin tuwo da kyau. Wata rana na ga sandar a jingine a zaure, ita kuwa ba ta gidan. Ban ce mata ta manta ba.

Da aka doshi cikar mako uku ta dawo ta ce ta kara ɗaya a kunne ta ji ana ƙwanƙwasawa. Washegari na bi ta. Mun tarar kazar ta baje fikafikai ta ƙi sauka, tana wani ƙaramin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, daga ƙarƙashinta ana amsa mata. Hajiya ta hana kowa taɓawa. Ta ce wanda aka taya fasawa ba ya ƙarko, aikinsa ne, a bar shi da shi. Muka zauna a inuwa mu uku, tsofaffi, muna kallon rabin randa. Wajen azahar wani ɗan kai ya ɓullo ta cikin gashin fiffike, ya dube mu, ya koma.

Huɗu suka fito. Ɗaya ya fasa ya gaji ya mutu a ciki, ɗaya kuma baragurbi ne, na kai shi nesa na binne. Da kazar ta sauko da su Hajiya ta durƙusa, a kan gwiwoyin da likita ya ji wa tsoro, tana duba ƙafafu. Ba duk 'ya'yan durgu ke fitowa durgu ba. Biyu dogaye ne kamar kowane ɗan tsako. Biyu kuwa cikinsu yana shafar ƙasa, suna bin uwar riƙonsu da rangajin nan da na sani. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Hajje ta tashi ta ce za ta dubo wuta, alhali ba ta ɗora komai ba.

Sauran abin da ba mu sani ba shi ne ko akwai mace a cikin gajerun biyun, domin in duka zakaru ne, iri ya yanke a hannun Hajiya. 'Yan tsakin suka zauna a gidan Hajje, ni kuma na ƙone tsohon akurki, na kankare ƙasar wurin, na zuba toka, na bar rana ta gasa shi. Sai da ruwan farko ya sauka, kazar ta fara sarar su tana korarsu, sannan abin ya bayyana. Dogayen biyu suka fito zakaru, da zanko da jan kunne. Gajerun biyu duka mata.

Ranar ɗauko su na zo da kwando. Na tuna wa Hajje cewa lokacin kyautarta ya yi, ta zaɓa.

"Ƙa'idata dai," in ji ta. Ta sunkuya ta kama ɗaya daga cikin dogayen. Ta san dokar gidan su Hajiya kamar yadda na san ta, ba ta ko kalli gajerun ba.

"Ajiye wannan," in ji Hajiya. Ta kamo ɗaya daga cikin durgun, wadda ta ɗauko zanen wake-wake, ta miƙa mata.

"Ke, ba a ba wa bare. Ke da bakinki kika faɗa mini tun muna Gardolé."

"Ba a ba wa bare. Abin da na gani bana shi ne, da suna gida biyu da ban kwanta ina kallon bango ba. Karɓi. 'Ya ake ba wa, to daga yau ke 'yata ce. Durƙusa ki gai da uwarki."

"Ni? Na girme ki da haihuwa biyu. Faki, kana ji? Wannan ya halatta a littafinku?"

Na ce kyauta ce ba da sharaɗi ba, ban ga abin da ya hana ba. Batun durƙuso kuwa ba ni da fatawa a kansa.

Hajje ta karɓi sagarar da hannu biyu, ta rungume ta a ƙirji. Sannan ta ɗan rage tsawo, iyakar abin da gwiwarta ta yarda, ta ce:

"Ina wuni, Inna. Allah ya sa ki fi haka hankali."

Yanzu durgu suna gida biyu a Chagoua, suna ratsa tsakanin masu karatuna kamar da. A kan katangar ligdabe akwai wani ƙaramin kurtu da na keɓe, na tawadar bagaruwa. Duk lokacin da kaza ta kwanta a nan ko a can, sai a aiko a ce Faki ya zo da alƙalaminsa, Hajje kuma ba ta taɓa mantawa ta ƙara da cewa a tambaye shi ko mai fita ce ya ɗauko. Hajiya ce take kai ni, tana gaba ina baya, sandar tana hannuna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka ɗauko kazar farko, ya ba matan nan biyu lafiya da tsawon kwana, ya sa mu cika da imani.